Wankin Shuwaka

Wata uku ke nan da harshen Mama Endale ya mutu a bakinta, ba ta kuwa gaya wa kowa ba. Mura ce ta kwantar da ita kwana huɗu a ƙarshen damina. Ranar da ta miƙe ta ɗora tukunya kamar kullum, ta ɗiga miya a tafin hannu ta lasa, sai ta ji kamar ruwan ɗumi ta lasa. Ta ƙara gishiri, ta sake lasa, shiru. Ta ɗebi gishirin tsuransa ta zuba a harshe, ba ta ji komai ba sai gurzarsa. Hancin ma ya bi sahu, har albasa kan ƙone a gabanta, sai ta ga hayaƙi sannan ta sani.

Da shinkafa da wake take sayarwa, da abin ya zo da sauƙi. To ndole take yi, miyar shuwaka da gyaɗa, kuma duk wanda ya taɓa duƙawa kan bahon shuwaka ya san ndole ba a yin sa da mudu. Sai ka tafasa ganyen da kanwa, ka wanke, ka matse, ka sake wankewa, kana tsinka kana taunawa. Ka tsaya da wuri, ka ba mutane maɗaci. Ka zarce, ka ba su ciyawa. Tsakanin biyun akwai wani ɗan siririn wuri inda ɗaci zai gaishe ka ya wuce abinsa, ya bar ka da gyaɗa da jatan lande, kuma shekara ashirin da uku duk unguwar Deido ba wanda ya iya tsayawa a wurin nan kamar Endale. Harshen shi ne jarinta, sauran kuwa tukunya ce da benci.

Kada ka tambaye ni don me ba ta faɗa ba. Mu nan Duwala, ka ce kanka na ciwo da safe, kafin azahar an ce an gan ka tsirara a kan gada. Da ta furta, da matan layin sun ce ai dama wani abu ta binne a ƙarƙashin murhu, yanzu wa'adinsa ya cika. Don haka ta ja bakinta ta yi gum, ta shiga neman harshen aro.

Rumfarta irin wadda muke kira juya-baya ce: dogon benci guda, masu ci sun ba titi baya, sun ba mai tukunya fuska. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, ita kuwa ta ce labarin miya ma haka ne. Cikin fuskokin ta zaɓi ta Pa Dikongue, wani tsohon gwauro mai farin gashin baki, wanda ya yi shekara ashirin yana girki a jiragen ruwa kafin ya dawo gida ya zauna. Shi ne farkon zuwa kullum, kuma ba ya kai loma baki sai ya yi mata sharhi kamar alƙali. Sai ta riƙa zuba masa tun tukunya na kan wuta, ta tsaya da ludayi a hannu ta ƙura masa ido. In ya ɗaure fuska, ta ƙara gishiri. In ya yi murmushi, ta san wankin ranar ya yi, ta riƙe adadinsa a ka. Da haka ta sauko daga wanki bakwai zuwa biyar, domin ranar da ta yi biyar ne ya yi murmushin da ya fi kowanne faɗi.

Ciniki ya ɗan ja baya, gaskiya. Masu ɗaure wuya na ofisoshi sun daina aiko da kwanoninsu. Amma 'yan acaɓa na nan, benci ba ya zama ba kowa, sai ta ce wa ranta aljihun mutane ne ya bushe bayan bukukuwan ƙarshen shekara.

Ana nan sai ga babbar magana. Mai filin da rumfar take ya sayar da shi, za a gina bene, ƙarshen wata kowa ya kwashe komatsansa. Endale ta zaga Deido kaf, duk inda ta ga inuwa sai ta tarar da mai tukunya a ƙarƙashinta. Shekararta hamsin da shida, miji ya daɗe a ƙasa, ba ta da gona a ƙauye, ba ta san wata sana'a ba. Abin duniya ya taru ya yi mata yawa.

'Yarta Ndome ce ta zo da mafita wata ranar Juma'a, tana tsallake kwata a kan takalmi mai tsini. Ndome na aiki a wani ofis a unguwar Akwa, a gefe kuma tana shirya abin nan da 'yan zamani ke kira teburin yini ɗaya: yau a saman bene, gobe a garejin wani, mutane su biya ta waya tun ba su san inda za su zauna ba.

"Mama, tashi ki taka rawa, na gama miki komai," in ji ta. "Lahadi ta sama, mutum talatin, a saman wani bene a Bonapriso. Ndolenki kaɗai za a ci. Kuma Madam Ngassa za ta zo."

"Wace ce kuma Ngassa? Matar gwamna ce?"

"A wajenki ta fi matar gwamna. Gidan abinci za ta buɗe a Akwa, tana neman mai girkin gida. Ɗakin girki da fanka, Mama, da famfo, da albashi! Ta ɗanɗana na mata huɗu, ta ce duk ba su iya ba. Na ce mata ba ki ci na uwata ba ne."

"To zauna in zuba miki."

"Ni? Rage ƙiba nake. Wata huɗu rabona da gyaɗa da mai."

"Ki yi ta ragewa har iska ta ɗauke ki mu huta."

Suka yi dariya tare. Amma da Ndome ta hau acaɓa ta tafi, Endale ta zauna a kan turmi. Wannan ce ƙofa ɗaya tak da ta rage mata a duniya, kuma saura kwana tara.

Ranar Litinin ta je wajen likita can wata unguwa inda ba a san ta ba. Ya haska mata hanci da 'yar fitila, ya ce ɗanɗanon yana iya dawowa nan da wata ɗaya, ko shekara, ko kuma ya ƙi dawowa. Ta ce, "Ɗana, Lahadi nake son sa." Ya yi dariya, ya ɗauka wasa take. A bakin ƙofa wata mata da ta ji hirarsu ta ja ta gefe ta ce harshe barci yake yi, sai an tashe shi da abu mai ƙarfi, ƙanwarta ma da haka ta warke.

Mai nema ba ya raina shawara. Endale, wadda rabonta da cin girkin wani tun bikin 'yar ƙanenta, ta shiga bin gari tana ci. Da ta kife tukunya ƙarfe uku sai ta ɗaura zane mai kyau ta tare acaɓa. Ta je Yupwe bakin ruwa, inda mata ke gasa kifi yana fitowa daga kwale-kwale, ta sa aka lafta mata barkono har mai gashin ta ce, "Mama, da wa kike faɗa?" Leɓɓanta suka yi zafi, hawaye ya zubo, gumi ya jiƙa mata riga, amma kifin nan da audugar katifa duk ɗaya. Ta haye gada zuwa Bonaberi ta ci miyar ganyen mutanen yamma mai iyo cikin manja. Ta tsaya wajen masu tsire a New Bell ta ce a ninka mata yaji. Ta shiga wani gidan abinci mai sanyi a Akwa, inda ma'aikaci ya ɗage murfin kwano a gabanta ya tsaya yana jira ta shaƙi ƙamshi, ita ma ta lumshe ido ta shaƙa don kada ta ba shi kunya. A kan acaɓa tana tauna namijin goro. A kasuwar ganye ta tsinki ɗanyar shuwaka ta cusa a baki tana taunawa kamar akuya, mai ganyen ta bi ta da kallo baki buɗe.

Ranar Laraba ce ta kusa tona wa kanta asiri. Ta je Ndokoti wajen Ngo Nlend, wadda ta yi suna da baƙar miyar nan ta ƙonannen kayan yaji, ta zauna can ƙarshen benci ta ja ɗankwali. Ina! Masu tukunya sun san juna ko a duhu.

"Yau wace rana! Sarauniyar ndole a bencina?" Ngo Nlend ta ɗaga murya don kowa ya ji. "Satar sirri kika zo, ko tukunyarki ce ta yi yaji ta tafi gidansu?"

"Na zo in ga abin da kike kashe mutane da shi ne."

"To ga shi, mutu. Amma tsaya, ke mai baki ce. Yau na canja abu ɗaya a miyar nan, duk waɗannan jakunan ba wanda ya gane. Faɗa musu mene ne."

Duk bencin ya juyo. Endale ta kai loma, ta tauna, ta juya ta a baki, tana roƙon Allah a zuci ko da ɗigo ɗaya ne ya ba ta. Ba ta ji komai ba sai ɗumi da santsin mai. Sai ta ce, "Sirrin mai girki ba a faɗarsa gaban masu ci." Ta laluba jaka kamar waya ce ke kira, ta ajiye kuɗi, ta miƙe. Barin rabin kwano a gaban mai girki zagi ne a garin nan, ta san haka sarai. Tana tafe tana jin muryar Ngo Nlend a bayanta: "Girman kai rawanin tsiya! Don an ce za ta yi wa manya girki!"

Washegari da la'asar Ndome ta kai ta wani gareji a unguwar Bali, ta ga yadda ake teburin yini ɗaya don kada ta yi ƙauyanci ranar Lahadi. An share garejin, an shimfiɗa farin ƙyalle, an jera furanni a kwalaben lemo. Aka kawo alalar wake an yanka ta kamar akwatin ashana a tsakiyar faranti mai faɗin faifai, mutane suka zaro waya suna ɗaukarta hoto tana hucewa. Endale ba ta damu da wannan ba, kowa da haukarsa. Abin da ta lura da shi wata 'yar taga ce a bango, inda faranti ke fitowa.

"Ina mai girkin take tsayawa ta ga masu ci?" ta tambaya.

"Ba ta ganin su, Mama. Tana ciki. Sai an gama ta fito a tafa mata."

"Ranar Lahadi ma haka?"

"Haka. Ai ba juya-baya ba ce."

Ba harshe, ba hanci, ga shi fuskokin ma za a raba ta da su. Ta kama hannun 'yarta ta ce lalle sai Pa Dikongue ya zo. Ndome ta ce kujeru sun ƙare, sai dai ya zauna a ɗakin girki. Endale ta ce ai nan ɗin take son sa.

Ranar Juma'a, kafin 'yan acaɓa su iso, ta zuba masa, ta zauna kusa da shi a benci, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta rage murya.

"Pa, jibi ina son ka zo Bonapriso. Ƙarfe goma na safe, kada ka makara. Akwai maganar da na daɗe ina ɓoyewa, kai kaɗai zan iya gaya wa."

Tsohon ya ajiye cokali a hankali. "Ni kaɗai?"

"Kai kaɗai. Ndome ma tana can."

"Ndome ta sani?"

"Ba ta sani ba tukuna. A ranar za ta ji in ta kama."

Ya shafa gashin bakinsa, ya ce ko ruwan wuta ake zai zo.

Ranar Lahadi tun gari bai gama wayewa ba Endale na saman benen nan da buhun ganye. Ta tafasa, ta wanke sau biyar, ta matse, ta dunƙula, ta ajiye tana jiran tsohon ya zo ya tauna kafin ta haɗa. Goma ta yi, babu shi. Sha ɗaya, sha biyu. Ta kira wayarsa har sau tara, a kashe. Baƙi ƙarfe huɗu za su zo, Ndome na ta leƙowa tana nuna agogo. Da ƙarfe ɗaya ta gota Endale ta yi alamar gicciye, ta juye ganyen cikin gyaɗa da nama da busasshen kifi. In shuwaka ta shiga gyaɗa, bakin alƙalami ya bushe, ba ta sake wankuwa.

Uku saura kwata aka ji takunsa a matakala. Ya shigo cikin baƙar kwat mai warin ajiya, wadda ita ba ta ji ba, ya sha aski, ga jan fure a aljihu, ga kwalbar giya naɗe a takarda irin wadda ake kai wa dangin mace ranar gaisuwa.

"Mai guga ne ya riƙe mini kwat," ya fara bayani, "wanzami kuma ya tafi coci..."

Ba ta bari ya ƙarasa ba. Ta ja shi gaban tukunya, ta rufe ƙofa, ta ɗebo miya a cokali ta miƙa masa.

"Pa, ka rufa mini asiri. Wata uku ke nan ba na jin ɗanɗano, ba na jin ƙamshi, ko gishiri ban sani ba. Fuskarka nake kallo ina girki. Yau rayuwata na cikin tukunyar nan. Ɗanɗana ka gaya mini tsakaninka da Allah, akwai ɗaci?"

Pa Dikongue bai karɓi cokalin ba. Ya dubi cokali, ya dube ta, ya dubi kwalbar da ke hannunsa.

"Wannan ce maganar?"

"Wace kuma kake jira?"

"Kallon da kike mini kullum... na miya ne?"

"To na mene ne, Pa? Karɓi mana, lokaci na tafiya!"

Ya nemi kujera ya zauna, ya ajiye kwalbar a ƙasa tsakanin ƙafafunsa. Muryarsa ta yi ƙasa har sai da Endale ta duƙa.

"Endale, shekara goma sha ɗaya rabona da jin ɗanɗano. Faɗuwa na yi a jirgi, ƙeyata ta bugi ƙarfe. Shi ya sa suka sallame ni. Wa zai riƙe kuku marar harshe? Ban gaya wa kowa ba, ko 'ya'yana."

"Sharhin da kake yi fa? Yau gyaɗa ta yi, jiya kifi bai ji wuta ba?"

"Baki ne kawai. Mutum ya rasa aiki, ya rasa suna kuma?"

"Ɗaure fuskar fa?"

"Gwiwata ce ke sara."

"Murmushin?"

Ya sunkuyar da kai yana gyara furen aljihunsa. Sai a lokacin ta ga kwat ɗin da kyau, ta ga askin, ta gane kwalbar ta neman aure ce. Makaho ya ja makauniya wata uku cur, kowa na zaton ɗan'uwansa na gani. Da a kan wasu abin ya faru da ta yi dariya har ta faɗi. Amma kanta ne, sai ta ji wani irin tsoro ya taso mata tun daga tafin ƙafa, ga tausayin tsohon, ga haushinsa, ta rasa wanda za ta fara ji.

Ndome ta turo ƙofa. "Mama, an fara hawowa. Madam Ngassa ma ta... Lafiya? Wa ya mutu?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Endale ta miƙa mata cokalin. "Ajiye rage ƙibar nan ki ɗanɗana."

"Mama, na ce miki..."

"Ndome, don nonon da kika sha."

Yarinyar ta kai cokali baki. Wannan fuskar Endale ba ta bukatar mai fassara, tun tana zanen goyo take karanta ta. Ta ga idanun sun runtse, wuyan ya ƙame, ta ga 'yarta na kokawa ta haɗiye don kada ta tofar a gaban uwarta. Ba ta iya ba. Ta juya ta tofar a kwandon shara, ta ɗauki ruwa ta kuskure baki.

"Mama, me ya faru? Kamar maganin zazzaɓi! Ga gishiri kamar ruwan teku!"

Endale ta gaya mata, cikin kalmomi kaɗan. Ndome ta ɗora hannu a ka, ta yi zagaye biyu a ɗakin, sannan ta zaro waya.

"Tsaya. Na san wata mata a Bali, ndolenta ba laifi. Minti arba'in acaɓa ya kawo. Mu juye a tukunyarki, wa zai sani? Ki samu aikin tukuna, sauran ma ji da shi daga baya."

Kada in yi maka ƙarya, Endale ta so. Har ta buɗe baki za ta ce kira ta. Ta hango ɗakin nan mai fanka da famfo, ta hango kanta a ƙarshen wata da tukwane a ka ba wurin saukewa. Sai dai ta hango safiyar farko a ɗakin Madam Ngassa, ita kaɗai da bahon ganye, ba benci, ba kowa.

"In na ci da miyar wata yau, gobe da harshen wa zan wanke?" ta ce. "Ajiye wayar."

Ta kwance zanen girki, ta goge hannu, ta fita ta ƙofar da aka ce sai an gama ake fita. Mutane na zaune cikin kayan coci, iskar kogi na kaɗa fararen ƙyallaye. Ndome ta nuna mata wata doguwar mata mai tabarau. Endale ta je ta ɗan rusuna ta faɗa mata gaskiya, ba ta rage komai ba. Madam Ngassa ta saurara da mutunci, har ta dafa mata kafaɗa.

"Ayya, Mama, sannu. Kin kyauta da kika faɗa. In harshen ya dawo ki neme ni."

Tana faɗa idonta na kan waya, kuma gidan abincin sati biyu ya rage a buɗe shi, su duka biyun sun san haka. Baƙi suka ci soyayyar agada da miyondo, curin rogon nan na cikin ganye, da jatan landen da ba a riga an zuba ba. Ndome ta bi tebur tana ba da haƙuri. Pa Dikongue ya sulale ba wanda ya ga fitarsa. Tukunyar ndole ta mutum talatin, Endale da kanta ta juye ta a kwata.

Ranar Litinin ta buɗe rumfa, don ba ta san inda za ta je ba in ba nan ba. Saura kwana shida a rushe wurin. Ta wanke ganyen sau bakwai, ta rage gishiri da ka, ta dafa. Sha ɗaya ta yi, gurbin tsohon ba kowa. Can 'yan acaɓa suka fara isowa, suna jingine babura suna zagin juna: Kamdem mai ƙaton ciki, wanda ya shekara goma sha biyar a bencin nan, da Essomba mai tabo a goshi, da wasu huɗu. Suka ba titi baya, suka miƙo hannu.

Ba ta zuba ba. Ta tsaya da ludayi tana kallonsu ɗaya bayan ɗaya, sai ga abubuwa na dawo mata. Yadda Kamdem ya koma sayen lemon kwalba biyu maimakon ɗaya. Yadda Essomba ke gutsurar miyondo uku kafin ya taɓa miya sau ɗaya. Yadda suka daina hira in suna ci, su da ba a jin kunne saboda surutunsu.

"Tun yaushe kuka sani?" ta ce.

Ba wanda ya tambaye ta me take nufi. Essomba ya shiga kallon farcensa. Kamdem ya yi tari.

"Tun satin da kika tashi daga mura, Mama."

"Wata uku kuna cin maɗaci, kuna biya, kuna ce mini an gode?"

"Ai shuwaka magani ce," in ji Essomba. "Ni dai tun lokacin ko zazzaɓi ban yi ba. Sauro ya cije ni ya faɗi matacce."

Wani ya ƙyalƙyale da dariya, ya ga ba ta yi ba, ya haɗiye abarsa.

"Ba wanda zai buɗe baki ya gaya mini? Ku shida, da gemunku? Da kun faɗa, da jiya ban tozarta a gaban mutum talatin ba. Da yanzu ina da wurin zuwa!"

Kamdem ya cire hular kwano ya ɗora a gwiwa. "Mun yi shawara, Mama, a can tashar babura. Muka ce in mun faɗa, kunya za ta sa ki rufe, mun san halinki. Muka ce mu daure, wataƙila ya dawo miki ba tare da kin san mun sani ba. Duk wanda ya ɓata fuska a bencin nan, shi ke sayen lemon kowa." Ya dube ta. "Ba mu san zai kai ki ga haka ba. Mun ɗauka rufin asiri muke miki."

Endale ta juya musu baya, ta fuskanci tukunya, ta daɗe a haka kafaɗunta na motsi. Ba wanda ya tashi. Da ta juyo, ta share fuska da gefen zane, ta jera kwano shida ta zuba, ta tura wa kowa nasa.

"Ku ci. Wanda ya yi mini ƙarya yau, Allah ya isa tsakanina da shi."

Suka kai loma tare, suna satar kallon juna. Kamdem ya tauna, ya haɗiye, ya buɗe baki ya rufe. Shi da ke zagin direban tirela a tsakiyar titi, sai ga muryarsa ta fito 'yar ƙarama.

"Da sauran ɗaci, Mama. Ki ƙara wanki biyu."